Wuta, Mai Gyara da Malami: Lissafin Sauya Kwamfutocin Makarantar Firamare

Ɗakin kwamfuta a yawancin makarantunmu na firamare ba shi da wuyar ganewa. Shi ne mai ƙofar ƙarfe da kwado biyu, tagoginsa an yi musu sandunan ƙarfe, makullinsa kuma yana aljihun mutum ɗaya. In aka buɗe, sai ka tarar da tebura jere a jikin bango, an lulluɓe kwamfutocin da tsofaffin zannuwa ko leda, ƙurar hunturu ta kwanta a kai har yaro zai iya rubuta sunansa da yatsa. A kunna su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta tashi amma sai an yi minti goma ana jiranta. Waccan linzaminta ya ɓace. Ta kusa da taga kuwa, tun ranar da aka kawo wuta da ƙarfi ta yi ƙauri, ba ta sake motsi ba. A kusurwa ga tulin waɗanda aka fid da rai da su, zanzaro ya yi gini a ramin fankar ɗaya, ɓera ya tattauna wayoyin wata.

Ana nan sai wata rana kuɗi ya samu. Ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta yi karo-karo, ko ɗan majalisa ya sa makarantar cikin ayyukan mazaɓa, ko hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta tuna da ita, ko kuma mai makarantar kuɗi ya ga iyaye sun fara ƙorafi. A zauna taro: hedimasta, malamin kwamfuta, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, da wakilan kwamitin kula da makaranta na SBMC. Kusan kullum tambaya ɗaya ce ke fara fitowa: kuɗin nan guda nawa zai saya? Daga ita sai ta biyu: wane kamfani ya fi?

A ganina waɗannan tambayoyi biyu su ya kamata su zo ƙarshe. Kwamfutar da ta dace da makaranta ita ce wadda yaro zai zauna gabanta a shekara ta huɗu bayan saye ya tarar tana aiki, kuma abin da ke yanke wannan hukunci ba sunan da ke jikin murfinta ba ne. Wutar da za ta ci ce, da mutumin da zai gyara ta, da malamin da zai tsaya a kanta.

Me ya sa maganar ta taso yanzu

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina fitar da gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10, babbar manhajar da ta fito tun 2015. Kwamfutocin ba su mutu a ranar ba, kuma ba za su mutu don haka ba. Abin da ya faru shi ne duk wata kafar da ɓarayin intanet suka gano daga baya, ba mai toshe ta sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Magajiyarta, Windows 11, tana da sharuɗɗa: ram aƙalla gigabait 4, ma'adana gigabait 64, wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan in kwakwalwar kwamfutar ta Intel ce, galibi sai ta kasance daga zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Mafi yawan abin da ke ƙarƙashin zannuwan can bai cika waɗannan sharuɗɗa ba. Wasu ma har yau Windows 7 suke ɗauke da ita, wadda aka yi sallama da ita tun Janairun 2020.

Amma kada wani ɗan kwangila ya zo ya tsorata kwamiti da wannan rana. Microsoft ya buɗe wa makarantu ƙofar sayen ƙarin wa'adi har shekara uku, dala ɗaya kan kowace kwamfuta a shekarar farko, biyu a ta biyu, huɗu a ta uku, muddin manhajar ta halal ce ba ta sata ba. Kuma kwamfutar da ba ta taɓa hawa intanet ba, babban abokin gabarta ba ɗan kutse na wata ƙasa ba ne, filashin da malami ya kawo daga shagon buga takardu ne.

Dalili na biyu ya fi ƙarfi. Sabuwar manhajar karatu da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 ta sa ilimin fasahar zamani na matakin farko a matsayin darasi mai zaman kansa daga aji huɗu zuwa shida. Tun 2015 kuma jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, WAEC ma ta fara bin wannan hanya da ɗalibai masu zaman kansu a 2024. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin cibiyar jarrabawa ya san irin yaron da ya haddace amsa amma hannunsa na rawa a kan linzami, domin ranar ce karo na biyu ko na uku da ya taɓa shi a rayuwarsa. Wannan rashin sabo tun daga firamare ake gadonsa.

Sai dai buƙatar ta zo a lokacin da aljihu ya yi rauni. A farkon 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Kwamfuta kuwa kayan dala ce daga kanta har ƙafarta. Makarantar da ta yi kuskuren saye yanzu, da wuya ta sake samun damar gyara kuskuren nan kusa.

Abin da Galadima ta koyar

Nijeriya ba baƙuwa ba ce ga wannan lamari. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT da ke Amurka ya shelanta wa duniya shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wadda aka yi alkawarin za ta tsaya a dala ɗari. 'Yar ƙarama ce mai launin kore da fari, an ƙera ta don ta jure faɗuwa da ƙura, allonta kuma ana iya karanta shi a cikin rana. A Maris ɗin 2007 aka kai kusan guda 300 makarantar firamare ta LEA da ke Galadima a gefen Abuja, ɗaya daga cikin wuraren gwajin farko a duniya. A daidai wannan zamani kamfanin Intel yana gwajin tasa, Classmate, a ƙaramar sakandaren gwamnati ta Jabi.

Yaran Galadima ba su ba da kunya ba. 'Yan jaridar da suka je sun tarar da su suna ɗaukar hoto, suna rubutu, wasunsu ma sun koyi kwance kwamfutar su sauya mata abin da ya lalace. Matsalar ta fito ne daga abin da ke kewaye da na'urar. Makarantar ba ta da wuta, sai da aka kawo janareta, janareta kuma mai yake sha. Intanet ta tauraron ɗan'adam ce, mai tsadar da ba makarantar ƙauyen da za ta iya biya da kanta. A watan Yulin wannan shekara labari ya bazu cewa wasu yara sun shiga shafukan batsa, domin ba a sa matatar da za ta tare su ba sai daga baya. Farashin bai taɓa sauka dala ɗari ba, ya tsaya kusan 188. Wani kamfanin ɗan Nijeriya mai suna Lancor ya maka shirin a kotu a Legas kan zargin kwaikwayon tsarin madannansa. Da gwamnati ta sauya hannu, sabon ministan ilimi, Igwe Aja-Nwachukwu, ya fito fili ya nuna shakkarsa kan raba kwamfuta ga yaran da ba su da ko bencin zama. Kwamfuta miliyan ɗaya da aka yi ta maganar Nijeriya za ta saya, ba a saye su ba.

Ƙasar Peru ita ta saya, fiye da dubu ɗari takwas. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon bincike kan makarantun karkara 319 a can: yaran sun iya sarrafa kwamfuta, an ga ɗan ci gaba a wasu gwaje-gwajen kaifin tunani, amma a lissafi da karatu ba a ga bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a ba su ba. Yurugwai kuwa, wadda ta fara nata shirin mai suna Ceibal a 2007, har yau yana tafiya, saboda ta kafa hukuma guda da aikinta ke nan: gyara, sauya waɗanda suka tsufa, haɗa makarantu da intanet, horar da malamai. Na'ura iri ɗaya ce aka kai ƙasashen uku. Abin da aka tanada a bayanta ne ya bambanta.

A fara daga soket

Don haka kafin a tura kowa kasuwa, a ɗauki takarda a rubuta: awa nawa makarantar nan take samun wuta tsakanin ƙarfe takwas na safe da ɗaya na rana? Ba wutar dare ba, ba ta ranar Asabar ba. A yi sati biyu ana rubutawa. Amsar da ta fito ita za ta kori rabin zaɓin da ke gaban kwamiti.

Ga misali. Tsohuwar kwamfutar tebur tare da allonta tana iya cin wat 150, in allon mai ƙaton ƙeya ne ma ta wuce haka. Guda ashirin ke nan wat 3,000, kafin a sa fanka ko fitila. In suna aiki awa huɗu a rana, kwana ashirin a wata, an sha yunit 240. A layin Band A, wanda aka ɗaga kuɗinsa zuwa sama da naira 200 kowane yunit tun Afrilun 2024, ana maganar kusan naira dubu hamsin a wata. In kuwa makarantar ba ta kan wannan layi, to wutar ce ba ta zuwa, sai janareta, kuma kowa ya san abin da litar fetur ta zama tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Laftof kuwa, a irin aikin yaran firamare, wat 30 ya ishe ta. Guda ashirin wat 600, kashi ɗaya cikin biyar na waccan. Wannan nauyi ne da 'yan faifan sola da inbata matsakaiciya za su ɗauka, kuma sa'ar da makaranta ta yi ita ce lokacin darasi shi ne lokacin rana, saboda haka ba ta buƙatar tarin batura irin na gidan da ke son wuta da dare.

Laftof tana da wata fa'ida da ba a cika lissafawa ba: batirinta a jikinta yake. In aka ɗauke wuta a tsakiyar darasi, kwamfutar tebur ta mutu nan take, aikin yaro ya tafi, kuma irin wannan mutuwar fuju'a ita ke kashe ma'adana sannu a hankali. Laftof ko gezau. Amma tana da nata raunin. Batir ba ya shiri da zafi, kuma ɗakin da aka rufe ruf a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafin waje kansa ya haura digiri 40, yana cinye rayuwar batir ko ba a kunna komai ba. Sannan abin da yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya, ɓarawo ma zai iya. Duk makarantar da ta zaɓi laftof, sai ta haɗa da kabad ɗin ƙarfe mai shan iska, da rajistar fita da shiga, da maigadin da ake biya a kan lokaci.

Abu na ƙarshe a nan, wanda ya fi kowane araha kuma aka fi mantawa da shi: wayarin. A kira mai aikin wuta na gaske ya duba ko ɗakin yana da waya ta ƙasa, a sa abin tare wutar da ta zo da ƙarfi. Na fi son makaranta ta rage kwamfuta biyu daga lissafinta ta yi wannan, da ta cika ashirin ta jona su a dogon soket ɗaya na kasuwa.

Kayan da ke kasuwa

Sabuwar kwamfuta a kwali tana da daɗin gani ranar bikin miƙawa. Matsalar ita ce abin da kuɗin makarantar firamare ke iya kaiwa a cikin sababbi galibi na ƙasa-ƙasa ne: kwakwalwa mai rauni, ram ɗin da aka liƙe shi a jiki ba a iya ƙarawa, jikin roba, da maratayin murfi wanda ba ya jure buɗewa da rufewar yara ɗari a sati. Irin wannan ita ce ake cewa araha ba ta ado.

Chromebook ta mamaye makarantun Amurka, musamman lokacin annobar korona, kuma akwai dalili: tana tashi cikin daƙiƙoƙi, ba ta cika kamuwa da bairos ba, batirinta na daɗewa. Tun Satumban 2023 Google ya ƙara wa'adin sabunta manhajarta zuwa shekara goma, bayan ƙorafin da aka yi cewa makarantu na zubar da lafiyayyun na'urori don kawai wa'adinsu ya cika. Amma an gina ta ne a kan cewa intanet na nan kullum. Kuma waɗanda ke shigowa kasuwanninmu a farashin da ke jan ido, da yawansu ragowar makarantun can ne. A duba abu biyu: shekarar da wa'adinta zai ƙare, domin ana ƙirgawa ne daga fitowar samfurin ba daga ranar da ka saya ba, da kuma ko har yanzu tana ɗaure da rajistar makarantar da ta fito. In tana ɗaure, ba mai kwance ta ta hanyar da ta dace sai wanda ya ɗaure.

Tabilet tana da kyau ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, masu koyon haruffa da ƙirga. Kenya ta raba fiye da miliyan ɗaya a makarantun firamare daga 2016. Sai dai yaron da ake shirya wa jarrabawar kwamfuta madannai da linzami yake buƙata, shafa gilashi kuwa ya riga ya koya a wayar babarsa. Akwai kuma Raspberry Pi, wadda aka fara fitarwa a Ingila a 2012 musamman don koyarwa. Samfurin 400 da ya fito a 2020 kwamfuta ce sukutum a cikin madannai, an sa mata dala 70, ba ta da fankar da za ta zuƙi ƙura, cinta bai wuce wat 15 ba. In makaranta tana da lafiyayyun alluna marasa ƙeya daga tsofaffin kwamfutocinta, wannan hanya ce mai kyau ƙwarai. Cikas ɗinta guda: ba kowane mai gyara ne a garuruwanmu ya taɓa riƙe ta ba, kayanta kuma sai an yi oda.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin ya fi dacewa da yawancin makarantunmu, wato na hannu, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano, amma ba kowace iri ba. Manyan kamfanoni da ma'aikatu a Turai da Amurka suna sauya kwamfutocinsu duk bayan 'yan shekaru, kuma irin da suke saya daban take da ta kanti: Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, HP EliteBook da ProBook, ko ƙananan na tebur masu girman littafi irin su OptiPlex Micro da ThinkCentre Tiny. An ƙera su ne don a riƙa kwance su. Da sukuddireba ɗaya za a sauya batir, madannai, ram ko ma'adana. Abin da ya fi muhimmanci, kayan gyaransu na nan birjik a titin Beirut da Farm Centre a Kano, a Banex a Abuja, a Computer Village ta Ikeja, kuma yaran da ke zaune a waɗannan shaguna sun san cikinsu sarai.

Sai dai kasuwar na hannu tana son ido. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da abokan aikinta a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kusan tan dubu sittin na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa a shekara, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu matattu ne tun daga can. Mai shago zai ce maka, “Ranka ya daɗe, wannan 'yar Landan ce, ko ƙwarzane babu.” Ka amsa masa da fara'a, sannan ka ce a kunna. Kada a yarda da takardar da aka manna a jiki, a shiga cikin saitin kwamfutar a karanta da ido. Core i5 kaɗai ba bayani ba ne, domin akwai ta 2011 akwai ta 2019, lambar da ke biye ita ke faɗin zubi. A nemi zubi na takwas ko sama, ram gigabait 8, ma'adana kuma lallai SSD, ba mai faifan da ke juyawa ba. A cire caja a bar ta tana nuna bidiyo a ga minti nawa za ta yi. A danna kowane harafi. A shiga BIOS a tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba. A juya cajar a duba ko ta asali ce, domin jabun caja ya kashe kwamfutoci fiye da yadda yara suka kashe.

Kuma duk abin da za a saya, a saye shi iri ɗaya. Wannan ƙa'ida ta fi kusan duk sauran. Ɗakin da ke da kwamfuta goma sha biyar samfuri ɗaya ya fi mai ashirin da biyar 'yan tsince-tsince. Caja ɗaya ta shiga kowace. In biyu suka mutu, a haɗa su a tayar da ɗaya. Malami ya shirya guda ɗaya yadda yake so, ya kwafi hotonta a filashi, duk wadda yara suka hargitsa ya mayar da ita daidai kafin a tashi tara.

Guda nawa, kuma don wa

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati a cikin birnin Kano ko Kaduna ya san akwai ajin da ya ninka haka sau biyu ko uku. Saboda haka mafarkin kowane yaro da tasa ba namu ba ne a yanzu, kuma ba laifi. Yara biyu a kan kwamfuta ɗaya suna koya wa juna, in dai malami ya tabbatar ana karɓa-karɓa, kuma ba a bar maza sun mamaye linzami 'yan mata na leƙe ta bayan kafaɗa ba. Wannan yana faruwa, kuma sai an sa ido da gangan yake gyaruwa.

A yi lissafin da jadawali a hannu. Makarantar da ke da yara 480 daga aji huɗu zuwa shida, da kwamfuta ashirin, yara biyu-biyu, tana buƙatar zama goma sha biyu kafin kowa ya samu sau ɗaya. In ana zama shida a rana, cikin kwana biyu an zagaya, wato kowane yaro zai iya shiga sau biyu a sati. Wannan ya wadatar a matakin firamare. Sharaɗin shi ne ɗakin ya kasance a buɗe dukan yini, abin da ba zai yiwu ba in makulli da ilimin duka suna hannun mutum ɗaya, wanda ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ɗakin ya koma sito. Aƙalla malamai uku su san yadda ake kunnawa, da gyaran ƙananan matsaloli, da koyar da darasin. Shirye-shiryen da aka yi a Edo daga 2018 da Legas daga 2019 ma malami suka fara ba wa na'ura kafin ɗalibi. Kwamiti zai iya ɗaukar wannan tunani a ƙaramin mataki: laftof ɗaya da majigi ko babban talabijin, wanda malamin kimiyya zai kai aji ya nuna wa yara tamanin yadda zuciya ke bugawa.

Batun intanet kuma kada ya tsayar da kowa. Akwai manhajar Kolibri ta ƙungiyar Learning Equality, kyauta ce, ana zuba darussa a kwamfuta ɗaya sauran su ɗebo daga gare ta ta ƙaramar na'urar wayafai ba tare da data ba. Kiwix tana ajiye Wikipedia gaba ɗaya, har da ta Hausa, a cikin ma'adana. Scratch, wadda MIT ta fitar a 2007 don koya wa yara tsara manhaja, tana aiki ba intanet, haka GCompris da Tux Paint. Ga mai intanet kuma akwai dandalin Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ƙaddamar da UNICEF da Microsoft a 2022, wanda ke da darussa da Hausa. In za a haɗa ɗakin da intanet, a sa matata tun ranar farko, kada a jira abin da ya faru a Galadima. Sannan a kunna tsarin madannan Hausa, wanda ke cikin Windows tun da daɗewa, domin yaron da zai rubuta insha'i ya samu ɓ da ɗ da ƙ a ƙarƙashin yatsunsa.

Da za a tambaye ni yadda za a raba kuɗin, zan ce cikin kowace naira ɗari kada abin da ya tafi kan kwamfutocin kansu ya wuce sittin. Sauran na wuta ne, da kabad, da horar da malamai, da asusun gyara da za a ajiye a banki da sa hannun mutum biyu. Wannan shi ne wurin da ake samun saɓani da mai bayar da gudummawa, domin shi yawan kwalaye yake son gani a hoto. Aikin hedimasta ne ya zaunar da shi cikin ladabi ya ce, “Alhaji, in muka ɗauki talatin ba wuta, baɗi ba za ka so ka shigo ɗakin nan ba. Ka bar mu da goma sha takwas da sola.” Yawancin masu bayarwa suna fahimta in aka nuna musu lissafin a takarda.

Ranar karɓar kaya, da makomar tsofaffin

In ta hanyar kwangila za a bi, a rubuta komai dalla-dalla a takarda: samfuri, zubi, ram, irin ma'adana, lafiyar batir, da garanti na aƙalla wata uku wanda ya ce za a sauya ba gyara kawai ba. A nemi farashi daga wuri uku. Ranar da aka kawo kaya, kada a sa hannu a kan kwalaye. A buɗe kowace a gaban wakilin iyaye, a kunna, a rubuta lambar jikinta a littafi, a riƙe wani kaso na kuɗin sai an yi wata guda ana aiki da su.

Tsofaffin kuma kada a yi saurin yi musu jana'iza. Da yawan waɗanda ake cewa sun mutu, ƙura ce ta toshe fanka, ko ɗan batirin agogon ciki mai kama da kwabo ya ƙare, ko ma'adanar ce kawai ta gaji. Wadda ta fito daga wajajen 2012 zuwa sama, in aka hure ta, aka sa mata SSD da ƙarin ram, aka ɗora mata Linux Mint ko ChromeOS Flex da Google ya fitar kyauta a 2022, za ta iya ƙara shekaru tana koyar da buga rubutu. Mai gyara ya yini ɗaya a ɗakin yana tantancewa kafin a yanke adadin da za a saya.

Waɗanda suka mutu da gaske, a cire musu ram da wayoyi da duk abin da zai yi amfani. A cire ma'adanarsu a goge ko a fasa, domin a ciki akwai sunayen yara, da hotunansu, da sakamakon jarrabawa, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe irin waɗannan alhakin tsare su. In kayan gwamnati ne, a rubuta wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma a samu izini a rubuce kafin a fitar da ko da linzami. Alluna masu ƙeya kuwa gilashinsu na ɗauke da dalma mai yawa, kuma in suka faɗa hannun 'yan jari-bola fasa su za a yi a ƙona wayoyin don a ciro tagulla, sau da yawa a bayan gari inda yara ke wasa. Hukumar NESREA tana yi wa masu sarrafa irin wannan shara rajista, akwai kuma ƙungiyar EPRON da aka kafa a 2018 don tattara ta. A tuntuɓe su ta ofishin muhalli na jiha, kafin su zo kuma a ajiye allunan a ɗakin da ruwa ba ya shiga, nesa da hannun yara.